Me Ya Sa Kiwon Kifin Teku Ya Fi Na Tarwaɗa Wahala?

Mai karatu, idan kai mutumin Kunduru ne, ko Kankiya, ko Kusada, kifi iri biyu ka saba gani. Akwai na ruwanmu: tarwaɗa da karfasa da masunta ke kamowa a madatsun ruwa irin na Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, ko waɗanda matasa ke kiwo a bayan gida cikin tankin siminti ko na tamfol. Akwai kuma kifin ƙanƙara, su titus da shawa, da ke isowa a daskare cikin kwali bayan doguwar tafiya daga tashar jiragen ruwa. Tarwaɗa kana iya sayenta da ranta, tana wutsil-wutsil a cikin baho. Titus kuwa ba a taɓa kawo maka shi da rai ba.

Yanzu wayar hannu ta kawo mana iri na uku. Ka buɗe YouTube ko TikTok sai ka ga akwatin gilashi a falon wani, ruwa garau, ƙananan kifaye shuɗi da ɗorawa da ruwan lemo suna zagaya duwatsun murjani. Wanda ya taɓa shiga gidan kifi na Fakieh da ke bakin teku a Jidda ya gan su ido da ido. Daga nan sai tambaya ta taso, kuma tambaya ce mai ma'ana: tunda muna da ruwa, gishiri kuma ba tsada gare shi ba, me zai hana a jiƙa gishiri a ruwa a yi kiwon kifin teku a nan gida, ko don ado ko don kasuwa?

Ana iya yi, kuma ana yi a biranen da ke nesa da teku. Sai dai wahalarsa da kuɗinsa sun ninka na kifin ruwan daɗi. Tushen dalilin ɗaya ne. Tarwaɗa ta taso a ruwan da ke canzawa kullum, shi ya sa take yafe wa mai kiwo kura-kuransa. Kifin murjani kuwa ya taso a ruwan da kusan ba ya canzawa, don haka ɗan kuskure ya isa ya kashe shi. Bari mu bi abin daki-daki, tun kafin wani ya zuba jarinsa.

Gishiri yana jan ruwa

Ka yanka kokwamba ko albasa, ka barbaɗa gishiri, ka jira minti goma. Za ka ga ruwa ya tsattsafo ya taru a faranti. Masu sana'ar fata ma haka suke yi, suna shafe ɗanyar fata da gishiri don ta tsane. Ka ɗauki latas da ya yi yaushi ka tsoma a ruwan sanyi, sai ka ga ya miƙe ya yi ƙyau. Abu ɗaya ne ke faruwa a duka ukun. Kowace ƙwayar halitta tana da siririn tantani da ya lulluɓe ta, wanda ruwa ke ratsawa cikin sauƙi amma gishiri ba ya ratsawa haka. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya gishiri, ruwa zai riƙa tafiya zuwa gefen da gishirin ya fi yawa. Wannan shi masana ke kira osmosis.

To ga lambobi uku da za ka riƙe. Ruwan rijiya ko na kogi yawanci ba ya kai giram 1 na gishiri a kowace lita. Ruwan teku yana da kimanin giram 35 a lita, Bahar Maliya ma ya kan kai wajen 40. Jinin yawancin kifaye masu ƙashi, na teku da na kogi, yana tsakiya: wajen giram 9 zuwa 12 a lita, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan teku. Namu jinin ma a nan yake. Shi ya sa ledar ƙarin ruwa da ake sa wa majinyaci a asibiti take ɗauke da giram 9 na gishiri a lita, don ta yi daidai da jini.

Kifi kuma ba shi da yadda zai toshe jikinsa. Jajayen tsokar nan masu kama da mataji da ke ƙarƙashin murfin kunnensa, waɗanda za mu kira mashaƙa, da su yake tsotsar iskar oksijin daga ruwa. Dole tantaninsu ya zama siriri ƙwarai don iska ta ratsa. Inda iska ta ratsa kuwa, ruwa ma zai ratsa.

Kifi biyu, matsala biyu

Tarwaɗa jininta ya fi ruwan da take ciki gishiri. Ke nan ruwa na shigar mata jiki dare da rana ta mashaƙa, gishirin jikinta kuma yana zurarewa waje. Maganin da aka hore mata shi ne: kusan ba ta shan ruwa, ƙodarta na fitar da fitsari mai yawa tsararo, sannan wasu ƙwayoyin halitta a mashaƙarta suna tsinto ɗan gishirin da ke cikin ruwa suna mayarwa jini. Masanin nan ɗan ƙasar Denmak, August Krogh, shi ya nuna wannan tsintar gishirin a shekarun 1930.

Kifin teku nasa a juye yake. Ruwan da ya kewaye shi ya fi jininsa gishiri ninki uku, don haka jikinsa tsanewa yake yi kamar kokwambar nan. Yana tsakiyar teku amma ƙishirwa ce babbar barazanarsa. A 1930 wani masani a Amurka, Homer Smith, ya nuna cewa kifin teku shan ruwan gishirin yake yi. Hanjinsa na tsotse ruwan tare da gishirin, sai mashaƙa ta tura gishirin waje da ƙarfi. Ƙwayoyin halittar da ke wannan aikin, Ancel Keys da Willmer ne suka bayyana su a 1932 a Ingila. Fitsarinsa kuwa ɗan kaɗan ne, don ba shi da ruwan ɓarnatarwa. Mu mutane ba mu da irin wannan mashaƙa, ƙodarmu kuma ba ta iya yin fitsarin da ya kai ruwan teku gishiri, shi ya sa wanda ya sha ruwan teku ƙishirwarsa ƙaruwa take yi.

Ka jefa tarwaɗa a ruwan teku, tsanewa za ta yi ta mutu. Ka jefa kifin murjani a ruwan rijiya, ruwa zai cika masa jiki, gishirin jininsa ya tsinke, shi ma ya mutu. Akwai 'yan kifayen da ke iya sauya tsarin mashaƙarsu, kamar salmon da ke tasowa daga teku ya hau kogi don yin ƙwai, da wani nau'in karfasa mai baƙin haɓa da ke rayuwa a ruwan zartsi na tafkin Legas. Amma su ma sai an ba su lokaci, a hankali jikin ke sauyawa.

Masu kiwon tarwaɗa sun san wani ɓangare na wannan ilimin a aikace. Idan kifi ya wahala bayan an ɗauko shi daga nesa, ko ya yi ciwon fata, sukan yi masa wankan gishiri. Ɗan gishirin yana rage tazarar da ke tsakanin jini da ruwa, sai jikin kifin ya huta, ƙananan ƙwarin da suka manne masa kuma su tsane su mutu. Masu kifin teku nasu a juye: sukan tsoma kifin a ruwan daɗi na 'yan mintoci, sai ƙwarin su kumbura su saki.

Ruwan teku ya wuce gishirin miya

A nan ne shirin jiƙa gishirin kasuwa ke fara rushewa. Gishirin miya, wato sodiyam da kulorayid, kimanin kashi 85 cikin 100 ne na abin da ke narke a ruwan teku. Ragowar ya haɗa da magniziyam, salfet, kalsiyam, fotasiyam, da sinadarai 'yan uwan kanwa waɗanda ke hana ruwan yin tsami. Jikin kifin teku ya saba da wannan haɗin gaba ɗayansa, murjani kuma da kalsiyam ɗin yake gina ƙashinsa. Gishirin Balma da ayarin raƙuma ke kawowa, ko gishirin leda mai aidin, babu wanda ke da wannan haɗin a daidai ma'auninsa.

Abin mamakin shi ne ma'aunin kusan ɗaya ne a duk manyan tekunan duniya. Wani jirgin bincike na Birtaniya mai suna Challenger ya zagaya duniya daga 1872 zuwa 1876 yana ɗebo ruwa. A 1884 masanin sinadarai William Dittmar ya fitar da sakamakon gwajin samfuri 77 na wannan ruwan, ya ga cewa ko da wani wuri ya fi wani gishiri, rabon manyan sinadaran a tsakaninsu bai canza ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mutanen da ke nesa da teku sun daɗe suna fama da wannan matsalar. Gidan kifi na Shedd da ke Chicago a Amurka, wanda aka buɗe a 1930, a jirgin ƙasa aka yi ta jigilar ruwan teku zuwa gare shi daga Key West a jihar Florida, tafiyar sama da kilomita 2,500, har lita miliyan 3.8. Yau ba a wannan wahalar, ana sayar da gishirin teku da aka haɗa a masana'anta. Amma shigo da shi ake yi daga waje, da kuɗin waje.

Yi lissafin da kanka. Akwati mai lita 100 yana bukatar kilo 3.5 na wannan gishirin a cikawar farko. Idan kana canza lita 10 duk mako, giram 350 ke nan, a shekara ya haura kilo 18. Tankin tarwaɗa mai lita 2,000 da za a mayar na ruwan teku zai ci kilo 70 a cikawa ɗaya, ya fi buhun siminti nauyi. Kuma ruwan da za a jiƙa gishirin ma sai an tace shi. Ruwan famfo na iya zuwa da kulorin, na rijiya da na burtsatse na iya zuwa da ragowar takin gona ko ƙarfe. Masu wannan kiwo suna amfani da matacin da ke matsa ruwa ta cikin tantani ya bar komai a baya, irin wanda kamfanonin fiya wata da dama ke amfani da shi.

Kududdufi makaranta ce, teku kuwa ɗakin hutu

Yanzu mu zo kan babban dalilin. Dubi shekarar kududdufi ɗaya a ƙasar Kankiya. Da damina ya cika ya tumbatsa, ruwa ja mai laka. Da kaka ya fara ja baya. Da hunturu ya yi sanyi ƙarara da asuba. Da bazara ya koma ɗan taɓo mai ɗumi, shanu na shiga suna fitsari da kashi, iskar oksijin ta ƙare. Duk kifin da ya wanzu a irin wannan wuri tsawon zamani, to jikinsa ya ginu a kan juriya.

Idan ka taɓa fasa kan tarwaɗa, za ka ga wata tsoka mai rassa kamar ƙaramar bishiya a saman mashaƙarta. Da ita take shaƙar iskar sarari kai tsaye. Shi ya sa take leƙowa saman ruwa tana haɗiyar iska, shi ya sa take daɗewa a baho da ɗan ruwa, har takan ja jiki a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta koma wani ruwan. Gaiwa ta fi ta ma: huhu gare ta na sosai, idan ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta watanni tana cin ajiyar jikinta har ruwa ya dawo. Wannan juriyar ta tarwaɗa na cikin dalilan da suka sa Nijeriya ke kan gaba a duniya wajen kiwonta. Ana cunkusa ta, wuta ta ɗauke, a makara wajen canza ruwa, amma da safe ka same ta tana jiran abinci.

Kifin murjani bai yi wannan makarantar ba. Tekuna na ɗauke da kimanin kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya. Ruwa mai wannan yawan ba ya saurin ɗumi, ba ya saurin hucewa, kuma kamar yadda Dittmar ya gano, haɗinsa ba ya sauyawa. Kashin kifi yana fita igiyar ruwa ta tafi da shi. Ga misalin da zai nuna maka tsananin daidaiton. A ma'aunin tsami da ake kira pH, saman teku ya sauka daga wajen 8.2 zuwa 8.1 tun daga farkon zamanin masana'antu, kuma wannan ɗan saukar ya isa ya tayar wa masana hankali. Haka nan idan ɗumin ruwa ya haura abin da murjani ya saba da digiri 1 kacal na tsawon makonni, sai ya fara koɗewa ya yi fari, idan abin ya daɗe ya mutu.

Ka ga ke nan aikin mai kiwon kifin teku shi ne ya ƙirƙiro wannan daidaiton a cikin ɗan akwati. Abin da girman teku ke yi kyauta, shi sai ya yi shi da na'ura, da wuta, da ido.

Akwatin gilashi a bazarar Katsina

Mu ɗauki akwatin nan mai lita 100 mu ajiye shi a wani falo a Kunduru, mu ga abin da zai fuskanta.

Na farko, ƙafewa. Yadda ake samun gishiri a Balma shi ne a bar rana ta tsotse ruwa a ramuka, gishiri ya zauna. Haka zai faru a akwatinka, musamman da hunturu da bazara lokacin da iska ke bushe ƙayau. Idan lita 10 ta tashi, kilo 3.5 ɗin nan ya koma cikin lita 90, gishirin ya hau daga giram 35 zuwa kusan 39 a lita. Mai tarwaɗa idan ruwa ya ragu ƙarawa kawai yake yi. Mai kifin teku sai ya auna, ya ƙara tataccen ruwan daɗi kaɗan-kaɗan kullum. Idan ya manta ya ƙara na gishiri, ya daɗa dagula lamarin. Idan ya bari kwanaki suka taru ya zuba gaba ɗaya, ya girgiza jikin kifin.

Na biyu, zafi da sanyi. Kifin murjani ya fi son digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas. A wajenmu zafin rana a watan Afrilu ya kan kai digiri 40, daren hunturu kuma ya kan sauka ƙasa da 15. Lita 100 ba ta da nauyin da za ta yi gardama da ɗakin da take ciki. Ke nan kana bukatar abin ɗumama ruwa a Janairu, da na'urar sanyaya shi a Afrilu.

Na uku, iska. Ruwan gishiri yana riƙe oksijin ƙasa da na ruwan daɗi da kusan kashi 20 cikin 100. A digiri 25, litar ruwan daɗi kan riƙe wajen miligiram 8.3, ta teku wajen 6.7. Ruwa na ƙara ɗumi, iskar na ƙara raguwa, jikin kifin kuma na ƙara bukatarta. Kifin murjani ba shi da bishiyar nan ta tarwaɗa da zai leƙo ya haɗiyi iska.

Na huɗu, kashin kifin. Kifi na fitar da amoniya ta mashaƙarsa, guba ce a gare shi. A cikin ruwa amoniya na zama a siffa biyu, ɗaya mai sauƙin illa, ɗaya mai kisa. Duk lokacin da pH ya hau da maki ɗaya, kason mai kisan na ninkawa kusan sau goma. Ruwan teku na wajen 8.1, ruwan daɗi da yawa na kusa da 7. Wato dattin da kifin ruwan daɗi zai jure, shi zai iya kashe na teku. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mayar da amoniya zuwa sinadari mai sauƙin illa, amma sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita a sabon akwati. Mai gaggawar zuba kifi kafin lokacin, shi ke tsintar gawa a makon farko. Mai tarwaɗa yana da hanya mai sauƙi: ya buɗe bututu ya zubar, ya cika da na burtsatse. Kai kuwa duk litar da ka zubar, giram 35 na gishirin waje ka zubar.

Na biyar, wuta, wadda ita ke riƙe da sauran huɗun. Injin juya ruwa, injin hura iska, mataci, abin sanyayawa, duka sai da lantarki, dare da rana. Idan wuta ta ɗauke da daren bazara, oksijin na iya ƙarewa cikin 'yan awoyi. Bakteriyar nan masu amfani su ma iska suke shaƙa, idan suka mutu amoniya ta taso. Ba sola da batir mai kwana, zancen ma bai taso ba.

Daga ina kifin ke fitowa?

Akwai wata wahalar da mai saye ba ya gani. Karfasa da kanta take hayayyafa a tanki, uwar na riƙe ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe. Tarwaɗa kuwa ana yi wa macen allura, a matse ƙwan, a haɗa da ruwan namiji, cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi sun ƙyanƙyashe. Masu ƙyanƙyasa da yawa na fara ciyar da 'ya'yan da atimiya, wani ɗan mitsitsin jatan lande da ake shigo da ƙwansa a gwangwani, wanda ɗaya daga manyan wuraren samunsa shi ne babban tafkin gishiri na jihar Utah a Amurka. Shi kam a ruwan gishiri ake ƙyanƙyashe shi cikin kamar awa 24. Yana yiwuwa ne saboda halittar tafkin da ke ƙafewa ce, ta saba da canji kamar tarwaɗa.

Yawancin kifayen murjani kuwa cikin ruwa suke watsa ƙwai, igiya ta tafi da su. 'Ya'yan na fitowa tsawonsu bai wuce milimita 2 ko 3 ba, bakinsu ya yi ƙanƙanta ko ga atimiya, kuma sukan yi makonni suna shawagi kafin su zama kifi. Kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari da yara suka sani da Nemo, daga fim ɗin 2003, yana cikin masu sauƙi, tun shekarun 1970 ake ƙyanƙyashe shi. Amma shuɗin nan da ake kira Dory a fim ɗin, sai a 2016 masana a Jami'ar Florida suka fara samun nasarar renon 'ya'yansa.

Shi ya sa mafi yawan kifin ado na ruwan daɗi a gona ake haifarsu, mafi yawan nau'o'in na teku kuwa kamo su ake yi, musamman daga Indonesiya da Filifin. Wasu masu kamun na fesa gubar sayanayid a ramukan murjani don kifin ya suma a ɗauke shi, duk da dokokin ƙasashen sun hana. Gubar na kashe murjani, kifin da aka kama kuma yakan mutu daga baya a hannun wanda ya saya. Wani ɗan kifi da ake samu a tsibiran Banggai na Indonesiya, tsananin kamunsa don ado ya sa ƙungiyar IUCN ta saka shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 2007. Don haka kifin da ya mutu a falon wanda bai shirya ba, asarar ta wuce ta aljihunsa.

To titus fa, tunda shi na ci ne?

Shi ya fi ma wuya. Titus kifin ruwan sanyi ne na arewacin Tekun Atlantika, wajen Norway da Birtaniya da Ayislan. Ba shi da jakar iskar nan da ke sa kifi ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, don haka iyo yake yi ba tsayawa, cikin garke, yana cin dogon zango. Ko a can ma kamo shi ake yi da jiragen ruwa. Ƙasar Norway da ta shahara da kiwon salmon, a cikin tekun take kafa manyan keji na raga, ta bar teku ya kawo iska, ya kwashe datti, ya riƙe sanyi. A Nijeriya ma an raba aikin gida biyu: cibiyar binciken kifin ruwan daɗi tana New Bussa a jihar Neja kusa da tafkin Kainji, ta binciken teku kuma tana Legas. Kowace an kai ta inda ruwanta yake.

Mene ne abin yi?

Idan kasuwa kake nema, ruwanmu ya riga ya zaɓa maka: tarwaɗa da karfasa. Kuɗin da za ka kashe a gishirin waje da na'urar sanyaya ruwa, ka sa shi a iri mai kyau, abinci mai kyau, da tsayayyen ruwa.

Idan ado kake so, fara da na ruwan daɗi. Ƙananan kifaye irin su gofi da moli suna jure ɗumi, suna haihuwa a akwati, gofi ma har tsutsar sauro yake ci. Ka bar akwatin ya yi makonni yana aiki kafin ka cika shi da kifi, ka fara da biyu ko uku. Kada ka zuba ruwan famfo kai tsaye sai an kawar da kulorin. Kada ka ba su abin da ya wuce wanda za su cinye cikin minti biyu ko uku, don ragowar abinci amoniya yake komawa. Kuma idan ka gaji da su, ka ba wani, kada ka sake su a kududdufi ko madatsar ruwa, domin baƙon kifi na iya cutar da na gida.

Idan kuwa zuciyarka ta kafe a kan na teku, ga gwajin da zai ba ka amsa ba tare da ran kifi ko ɗaya ya salwanta ba. Ka haɗa akwatin da komai nasa, mafi girman da za ka iya, don babban ruwa ya fi ƙarami jinkirin canzawa. Ka zuba ruwan gishirin, amma kada ka sa kifi. Ka sayi ma'aunin zafi da na'urar auna gishiri, ka riƙa rubuta abin da suka nuna safe da yamma na tsawon wata guda, a tsakiyar bazara. Idan zafin ya tsaya tsakanin 24 da 27, gishirin ya tsaya kusa da 35, injin bai taɓa kwana a kashe ba, to ka nemi kifin da aka ƙyanƙyashe a gona, ka tambayi mai sayarwa asalinsa, ka fara da guda biyu. Idan kuwa littafinka ya nuna ruwan na haura digiri 30 da la'asar, ko gishirin na hawa da sauka, to ka sami amsarka da arha. Ka juye ruwan, ka wanke akwatin, ka cika shi da na rijiya. Hausawa dai sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.